Amsa: allurar hormon ɗin girma ga kare mai karaya

Ɗan'uwa kace karenka ya karye a ƙafa, kana so a masa allurar hormon ɗin girma (sinadarin da ke sa jiki ya girma) don ƙashin ya haɗe da wuri. Gaskiya ban baka shawara ba. Eh yana sa hanta ta fitar da wani sinadari, IGF-1, mai taimakon ƙashi, amma a kare yakan jawo ciwon suga, kuma hormon ɗin mutane ma jikinsa na iya ƙin karɓa, na alade ne yazo ɗaya da na karnuka. Kai shi wajen likitan dabbobi a ɗau hoto a sa ƙarfe ko a ɗaure, sannan ka killace shi ya dena tsalle-tsalle, babban kare sai yayi sati 8 zuwa 12, kwikwiyo yafi saurin warkewa.