Kangon da dukiyar amarya ta tayar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a ƙasar Holan ya turo mini hoton wani katafaren gidan sarauta mai hasumiyoyi, ruwa ya kewaye shi, wai sunansa De Haar, wai kuma ya haura shekara 600. Ni dai na ce masa da sake, domin ginin tsaf yake kamar jiya aka gama shi. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Idan ni ne alƙali, kai zan ba kaso mafi tsoka, amma ƙanen naka ma ba ƙarya ya yi ba.

Gidan yana kusa da birnin Utrecht, kuma sunansa ya fara fitowa a rubuce a 1391. An ƙone shi a yaƙin 1482, aka sake ginawa, daga baya kuma tun a ƙarni na 17 aka bar shi ba mai kula, rufi ya rufta, ciyayi suka cinye bango. Haka ya zauna kango har kusan shekara 200.

A 1890 wani basarake, Etienne van Zuylen, ya gaji wurin. Gado ne na sunan kakanni kawai, babu ko ɗakin kwana. Sai dai mutumin ya yi dacen aure: tun 1887 ya auri Hélène, 'yar gidan Rothschild, attajiran nan masu bankuna a Turai. Da wannan dukiya aka kira Pierre Cuypers, wanda ya zana babbar tashar jirgin ƙasa ta Amsterdam da gidan tarihi na Rijksmuseum. Aka fara aiki a 1892, ba a kammala ba sai 1912.

To a nan gardamarku take. Cuypers ya ɗora sabon gini ne a kan ragowar tsoffin bangaye, ya bi fasalin harsashin da ya tarar. Amma abin da ya tashi a sama ya fi na da girma da ƙawa nesa ba kusa ba. Ɗakuna wajen 200, banɗakuna 30, wutar lantarki daga injin gidan, da bututun tururi mai ɗumama ɗakuna lokacin sanyi. A ɗakin girki akwai murhu mai tsawon kusan mita 6, ga tukwanen jan ƙarfe jere reras. Mutanen 1391 da za su dawo, da ƙyar su gane ƙofar shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙauyen. Akwai talakawa zaune a gindin kangon, a daidai inda maigida yake son yin lambu. Sai aka rushe ƙauyen, aka bar cocin kaɗai, aka gina musu sabo can gaba kaɗan, wanda ake kira Haarzuilens, suka tare a 1898. Kuma da yake basaraken ba shi da haƙurin jiran dashe ya girma, sai aka tumɓuko manyan itatuwa kusan 7,000 daga wasu wurare, aka jawo su a kan amalanke aka kafa. Mai kuɗi ke nan, har inuwa saye yake.

A ganina kiran wannan aiki "gyara" ya yi masa kaɗan. Mafarkin mutanen ƙarshen ƙarni na 19 ne game da yadda gidan mayaƙan da ya kamata ya kasance. Na fi son in faɗi haka ƙarara da a riƙa nuna wa baƙi hasumiya mai sheƙi ana cewa ta shekara 600.

Ka ce wa ƙanen naka in ya koma ya sauke ido ƙasa, kusa da ruwan gwalalon. Zai ga inda tsohon tubali ya ƙare, sabo ya ɗora, domin ba iri ɗaya ba ne. Tun shekarar 2000 wata gidauniya ce ke riƙe da gidan, amma iyalin sun ajiye wa kansu damar zama a ciki a watan Satumba na kowace shekara, don haka ya tambayi lokutan buɗewa kafin ya sayi tikitin jirgi.