Tambaya da Amsa: In kashe amfilifaya da rimot kawai, ko in zare fulogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye a yankin Ringim, jihar Jigawa. Ina da amfilifaya da sifika biyu a ɗaki, da su nake jin rediyo da karatu. Wutar layi jefi-jefi take zuwa mana, sauran lokaci sola da inbata muke amfani da su. Ƙanena da ke Kano ya ce in daina kashewa daga soket, in riƙa kashewa da rimot in bar 'yar jar fitilar nan tana ci, wai yawan kunnawa da kashewa ne ke lalata kaya. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganar ƙanenka tana da tushe, sai dai ba don irin wutarmu aka yi ta ba. A inda kake, idan ka gama saurare ka kashe, sannan ka zare fulogin.

Idan ka danna rimot, amfilifayar ba mutuwa ta yi ba, likimo ta yi. Wani ɓangare na cikinta yana nan a farke yana jiran ka sake dannawa, kuma ƙofar da wuta ke shigowa a buɗe take. Duk abin da ya biyo waya, da ita zai fara gamuwa.

Shawarar barin kaya a haka daga masu sha'awar sauti na Turai da Amurka ta fito. Hujjarsu ita ce, lokacin kunnawa taransifomar da ke cikin amfilifayar da manyan kafasita, wato 'yan gwangwanayen da ke ajiye wuta, kan zuƙi wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, kuma yawan ɗaukar zafi da hucewa yana gajiyar da dalmar da aka liƙa kayan ciki da ita. Duka gaskiya ne, amma ɓarna ce mai tafiyar hawainiya, sai an ɗau shekaru kafin ta bayyana, kuma masu ƙera kayan sun san kullum za a kunna a kashe. Su can wutarsu a tsaye take dare da rana, ga shi dokar Tarayyar Turai tun 2013 ta hana yawancin sababbin kayan gida cin fiye da rabin wat idan suna cikin wannan likimon. Mutumin da ke da irin wannan wuta da irin wannan kaya, ba abin da zai yi asara.

Mu kuwa bolt 230 ya kamata ya shigo gida, amma kai shaida ne. Wata rana ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, wata rana ya yi haske har ya fashe. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka dawo da wuta bayan an ɗauke, sau da yawa kana gona ko kana barci. Idan kuma wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a kan layi, wutar da ke shiga wasu gidaje tana iya tashi har kusan bolt 400. Yawancin amfilifayar da ake kawo mini gyara, da na kwance murfi ƙaurin ƙuna ke fara tarbata: fiyus ya yi baƙi, kan kafasita ya kumbura kamar ƙosai a mai, wani ma ya tsage ya zubar da ruwansa a kan allon. In na tambayi mai ita sai ya ce, "Wallahi a kashe take, ko taɓa ta ban yi ba." Da rimot ya kashe. Abin yana ba ni takaici, domin kuɗin gyaran nan da zare fulogi ɗaya ya tsare masa su.

Da damina ga tsawa. Makunnin soket ba ya tare aradu, domin ratar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, wuta mai ƙarfi tsallake ta take yi. Da ka ga hadari ya haɗo ka zare fulogi, ka zare har wayar eriya in tana waje a kan gora.

Sai batun sola, wanda ya fi shafar aljihunka. Tsofaffin kaya da 'yan gwanjo ba sa bin waccan doka ta rabin wat. A ce taka tana cin wat 8 a likimo. Sau awa 24, ya zama wat-awa 192 ke nan a yini, wato ma'aunin wutar da aka sha. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200 (12 sau 100), kuma in irin na dalma ne, mai son ya daɗe ba ya shan fiye da rabi, wato 600. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a kan jar fitilar da ba ta karanta maka ko aya ɗaya ba. Ita kanta inbatar tana da nata cin ko babu komai a jikinta. Wutar da za ta juya fanka yara su yi barci a watan Afrilu ce ake ƙonawa a banza.

Zafi ma ba ƙaramin abu ba ne. A ƙa'idar masu gyara, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwar kafasita, mu kuwa da bazara muna haura digiri 40, balle a ɗakin kwano. Ɗan ɗumin da ke cikin akwatin kuma shi ke gayyato kyankyaso da tsaka su tare a ciki, su haɗa wayoyi.

Inda zan ba ƙanenka gaskiya: idan tashi za ka yi ka je salla ko ka ci abinci ka dawo, kana kan sola, sama kuma garau, rimot ya wadatar. Haka nan kada ka jingine amfilifayar wata da watanni ba kunnawa, musamman lokacin laima. Ko sau ɗaya a wata ka bar ta ta yi awa guda tana aiki. In za ka rufe ta da mayafi saboda ƙurar hunturu, sai ta huce tukuna.

Wajen kunnawa, ka rage murya, ka fara kunna rediyo ko waya, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko, don kada wannan "dum" ɗin ya daki sifikunka. In da janareta ne, ka bari ya daidaita kafin ka jona, kuma ka zare kafin a kashe shi ko mai ya ƙare, domin lokacin da yake shaƙewa wutarsa hawa da sauka take yi. In Allah ya hore, ka nemi sitabilaiza mai jinkiri, wadda ke ɗan dakatawa bayan an kawo wuta kafin ta saki. Ita ma ranar hadari zare ta za ka yi.