Wace fedar dile zan saya wa jitata?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce kuɗin da kake tarawa sun isa ka sayi fedar dile guda ɗaya, wato 'yar na'urar nan da ake takawa da ƙafa ta maimaita sautin jita, kuma biyu ne a gabanka: wata Boss DD-3 ta hannu da ka gani a wani shago a Sabon Gari, da wata sabuwa fil 'yar Chana wadda aka rubuta wa analog a jiki, kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Ka kuma ce wani abokinka mai aiki a situdiyo a Zoo Road ya gaya maka analog ce ta ƙwararru, dijital ta 'yan koyo ce.

In a tsakanin waɗannan biyun ne dole, ɗauki DD-3. Amma in za ka iya ƙara haƙuri ka ɗan cika kuɗin, to duk bar su, ka nemi wadda ake ba wa lokaci da ƙafa. Bari in warware maka dalili, don kada gobe wani ya sake juya maka kai.

Aikin dile guda ne. Ta ɗauki abin da ka kaɗa, ta riƙe shi ɗan lokaci, ta maimaita. In ka koma shagon ka dubi fuskar DD-3 ɗin, za ka ga abubuwan murɗawa huɗu. Wanda aka rubuta wa D.TIME shi ne tsawon jiran, F.BACK shi ne yawan maimaicin, E.LEVEL kuma ƙarfin maimaicin a kan ainihin sautinka. Na huɗun, MODE, zango yake zaɓa maka: milisakan 50, 200 ko 800. Milisakan dubu ne ke yin sakan ɗaya. Duk wata dile da za ka gani a duniya, ko mai allo ce mai abubuwan dannawa ashirin, a kan ukun farkon nan aka gina ta.

Da can da zaren tef ake yin wannan aiki, irin na kaset. Wadda ta fi suna ita ce Roland Space Echo da ta fito a 1974. Sautinta da daɗi, ba musu, amma ka cire ta daga lissafi. Inji ne mai mota da zare a ciki, ga nauyi ga tsada, kuma ƙurar hunturun Kano ba za ta bar shi ya zauna lafiya ba.

Analog ɗin da abokinka yake yabo ta samo asali ne daga wata dabara da injiniyoyin kamfanin Philips suka fito da ita a 1969. Aisi ce, wato ɗan ƙanƙanin guntun lantarki da ke cikin na'ura, mai ɗauke da ƙananan kafasita (ma'ajiyar caji) jere, kowace tana karɓar sautin ta miƙa wa ta gaba. Shahararriyar cikinsu, MN3005 ta Panasonic, matakai 4,096 gare ta. Ka taɓa tsayawa kallon leburori ranar zuba dakin, yadda suke miƙa wa juna kwanon sarki daga ƙasa har sama? Kowane hannu sai ya ɗan zubar, kafin kwanon ya kai sama ya ragu. To haka sautin yake fitowa a ƙarshen jeren, ya rasa kaifinsa, ya yi duhu. Sa'an nan in ana son jiran ya yi tsawo, dole a rage saurin miƙawar, a kuma tace sautin sosai don kada ƙarar agogon aisin ta fito. Shi ya sa maimaicin analog yake da laushi, yana laɓewa a bayan abin da kake kaɗawa maimakon ya yi gogayya da shi. Wannan shi ne daɗinta, kuma abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce tana da daɗi. Abin da bai gaya maka ba shi ne gajartarta. Boss DM-2 ta 1981, wadda ake ta rububinta har yau, milisakan 300 ce iyakarta. MXR Carbon Copy, da ta fito a 2008, tana kaiwa 600.

Dijital kuwa mayar da sautin take yi lambobi, ta adana, ta dawo da shi kamar yadda ya shiga. Boss ta fitar da DD-2 a 1983, DD-3 ta biyo baya a 1986, kuma manyan makaɗa sun hau dandamali da ita shekara da shekaru. Maganar cewa ta 'yan koyo ce, hirar bakin situdiyo ce kawai.

Yanzu ɗauki biro. In kana son maimaicin ya faɗo daidai kan bugun kiɗa, raba 60,000 da lambar saurin da ke kan allon fiyano. In lambar 120 ce, wato bugu 120 a minti, ka sami milisakan 500. In 100 ce, 600. In waƙar sanyi ce ta shigowar amarya, a ce 80, to 750 kake bukata. Ka ga tun a nan mai 300 ta fita daga wasan, mai 600 ma ta tsaya a hanya, DD-3 mai 800 ce ta kai da ƙyar. Wanda zai mallaki feda ɗaya tak, yau dina gobe situdiyo jibi wasan otal, ba ya sayen wadda za ta gaza masa a waƙa ta uku.

'Yar Chanan nan kuma, ban ganta ba, amma na buɗe irinta da yawa a kan teburin nan. Galibin masu arahar da ake rubuta wa analog, in ka kwance kusoshin ka ɗaga murfin, aisin da za ka tarar ita ce PT2399. Wannan dijital ce, don na'urorin karoke aka yi ta, kuma ita ce dai ke ba da ekon da kake ji a ƙananan miksa da amfilifaya na wajen wa'azi da talla. Ba muguwar aisi ba ce. A gajeren jira tana da kyau, har da ɗan duhun nan mai kama da na analog. Amma da ka murɗa lokacin ya wuce wajen 400, sai ka fara jin tsaki da yashi a cikin maimaicin. Abin da ya fi damuna da irinsu ma ba sautin ba ne, jikin ne: ramin jak, inda ake soka wayar jita, da ke liƙe kai tsaye a kan allon kayan ciki da 'yar dalma, da makunnin da ba ya jure taku. Araha ba ta ado.

To, mu zo kan abin da ya sa na ce ka ƙara haƙuri. Lissafin da muka yi a sama yana aiki ne in fiyano ke riƙe da kiɗan, don inji ba ya sauri ba ya nawa. Amma ka sha zuwa wajen biki tare da ni, ka san yadda ake yi. An fara waƙa a natse, sai ƙawayen amarya su taso, a fara liƙi, mai kalangu ya ga kuɗi na sauka, hannunsa ya ƙara wuta. Cikin minti ɗaya kiɗan da ya fara a 100 ya haura 115. Kai kuma dilenka na nan a 600 inda ka bar ta, kowane maimaici yana faɗowa a makare, yana taka ƙafar na gaba. Abin da ke biyo baya na gani ba adadi: mai jita ya durƙusa a tsakiyar waƙa, jita na lilo a wuyansa, ya kunna fitilar waya yana lalubar D.TIME, mawaƙi na waiwayowa yana harararsa. In fedar tana karɓar lokaci da ƙafa, taku biyu ko uku kawai za ka yi daidai da ganga, ta koma kan hanya, hannunka bai bar tsirkiya ba. Masu sayarwa tap tempo suke ce masa, haka za ka tambaya.

Tsohuwar DD-3 ba ta da shi. DD-3T da aka fitar a 2019 tana da shi. DD-7 ta 2008 ma tana da shi, ga jira har sakan 6.4, ga kuma wani zango da ke kwaikwayon duhun DM-2, ka ga ka sami abin da abokinka yake so a cikin gida ɗaya. DD-5 ta 1995 tana karɓa, amma sai ka haɗa mata wani makunnin ƙafa daban. In da ni ne da kuɗinka, DD-7 ta hannu zan sa a nemo mini, ko a nan ko a aiko daga Alaba a Legas. Ba don babu wasu kamfanonin kirki ba. Dalilina shi ne gidan ƙarfe gare ta, tana jure faɗuwa daga bayan Adaidaita, kuma in ta sami matsala mun san cikinta.

Akwai wani abu da za ka gani a bidiyoyin Turawa wanda nake so ka yi hattara da shi. Suna yawan koyar da a sa jiran a kashi uku cikin huɗu na bugu, wato 375 in saurin 120 ne, irin salon da aka san mai jitar ƙungiyar mawaƙan U2 da shi. A kiɗan da ke tafiya huɗu-huɗu abin yana da ban sha'awa. Amma kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya. Saurari kalangu da kyau, ko jitar mutanen Agadas da kake so, irin su Bombino da Mdou Moctar, za ka ji sau da yawa kowane bugu ya rabu gida uku. In ka ɗora wancan saitin a kai, maimaicin zai dinga faɗowa a tsakanin gidajen, kiɗan ya cakuɗe, ka rasa mai laifi. A irin wannan, raba bugun uku: in bugu 600 ne, gwada 200 ko 400. Na fi son 400, da maimaici biyu, ƙarfinsa ƙasa da rabin sautinka. Salon Agadas kuma yatsu ne ke gudu a kai, sautuka a cushe, don haka kaɗan yake so. Jitar Kwango mai tsinke ɗaya-ɗaya a can saman wuya ita ce ke ɗaukar dile da yawa ta yi kyau.

Ka kuma riƙa sauraron ɗakin kafin ka taɓa komai. Manyan zaurukan bikin nan masu tayil da gilashi da rufin sama mai nisa, su da kansu suna amsa-kuwwa, ga mai miksa ya riga ya cika wa mawaƙi eko. A nan rage E.LEVEL, wani lokacin ma kashe ta gaba ɗaya. A fili, ƙarƙashin rumfa, inda sauti ke tafiya ba ya dawowa, nan ne take biyan kuɗinta.

Kada ka kashe kuɗin duka a kan fedar, ka bar na adafta. Fedojin da ake kawo mini a mace, mafi yawansu wuta ce ta kashe su, ba tsufa ba. Boss da galibin irinsu bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftar nagetif ne. Adaftar dikoda da ta rauta da ke yawo a kowane gida yawanci bolt 12 ce, tsakiyarta fozitif, kuma bakin yana shiga daram kamar don ita aka yi shi. Dubi ɗan zanen da ke jikin adaftar, ka tabbata alamar ragi ce ke nuna ɗigon tsakiya, in kana shakka kawo mu sa mita. In fedar ta zo da adaftarta daga Amurka, karanta jikinta tukuna. Wutarsu 120 ce, tamu 230, in ba a rubuta 100 zuwa 240 ba kada ka soka ta a bango. Ka duba lambar mA kuma, wato yawan wutar da adaftar ke iya bayarwa, ta adaftar ta fi abin da fedar ke bukata, ba laifi in ta ninka. Manyan nan irin Strymon Timeline har 300 suke nema. Batir kuwa na gaggawa ne kawai, don dijital tana shanye shi cikin 'yan sa'o'i, kuma muddin waya na soke a ramin INPUT tana ci ko da fitilarta a kashe take. A wajen biki, in za a sauya daga wutar gari zuwa janareto, zare adaftarka sai injin ya daidaita.

Ranar da za ka saya, tafi da jitarka da wayar da kake haɗa ta da ita, kada ka yarda da gwajin mai shago. Fara kunna ta ba tare da ka kaɗa komai ba, ka ƙara murya a amfilifaya ka ji ko tana huci. Murɗa kowane abin murɗawa a hankali daga farko har ƙarshe. In ka ji ƙarar yashi, ƙura ce, ana fesa mata maganin wanke kontak ta tafi, sai dai ka nemi ragi a kan haka. Girgiza kan jak ɗin a raminsa, shiga da fita, sautin bai kamata ya yanke ba. Taka makunnin sau goma a jere, kowane taku fitila ta amsa. Buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya taɓa zubewa a ciki, za ka ga farin gari ko tsatsa a kan wayoyin. Ka kuma dubi kusoshin ƙasa, in kawunansu sun cinye, an sha buɗe ta, ka tambayi dalili. In mai shago ya ce ta Japan ce don ya ɗaga kuɗi, kada ya ɗauke maka hankali, waɗanda aka yi a Taiwan daga baya aiki ɗaya za su yi maka.

In ta zo hannu, a ƙarshen layi za ka sa ta: jita, sai distoshan ɗinka mai kausasa sauti, sai dile, sai amfilifaya. In ka juya su, distoshan zai murƙushe maimaicin ya haɗe shi da sabon abin da kake kaɗawa, ya zama hayaniya. In kuma daga amfilifayar kake samun distoshan ɗin, leƙa bayanta, in akwai ramuka biyu da aka rubuta wa SEND da RETURN, nan ne wurinta. Ka zo da ita shago ranar Asabar bayan la'asar, da adaftar, mu auna kafin ka soka.