Kisan gilla, rai da rai, da "gani ga wane": amsar tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan karon kusan duk a wuri ɗaya suka taru, wato gardamar nan da ake tafkawa duk sanda aka yi wani mummunan kisa, wasu su ce a kashe wanda ya kashe kawai a huta, wasu su ce a'a, a ɗaure shi har ya mutu. Ni dai ba alƙali ba ne, ba lauya ba, harshe ne sana'ata, to ta nan zan shigo.

Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce: "Malam mene ne gilla? Na ga 'yan jarida ko wane kisa aka yi sai su ce kisan gilla."

'Yar'uwa kin lura da abin da ya daɗe yana damuna. Gilla daga Larabci muka aro ta, "gila", wato a yaudari mutum ya saki jiki da kai, ka ja shi inda ba mai cetonsa ka kashe shi, sau da yawa don kuɗinsa ko wani abin hannunsa. Kin ga ke nan ba yawan jini ko munin sara ba ne ainihin gilla, yaudarar ce da cin amanar. Mutum biyu suna faɗa a kasuwa rai ya ɓaci ɗaya ya ɗauki taɓarya ya rotsa wa ɗaya, wannan kisan kai ne, kuma babba, amma a asalin kalma ba gilla ba ne. Yanzu dai bakin mutane ya faɗaɗa ta, duk kisan rashin imani ana ce masa gilla, kuma ba na cewa laifi ne, harshe haka yake tafiya, sai dai in ana maganar hukunci dole a koma asali don malaman fiƙihu ba da wasa suka ware ta ba.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san wurin, mawallafinta Ibn Abi Zaid ya ce kisan gilla babu afuwa a cikinsa. A kisan ganganci na yau da kullum 'yan'uwan mamaci ne ke da magana, in sun so a yi ƙisasi, in sun so su yafe, ko a sasanta a kan diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Kuma a mazhabar Malikiyya da muke kai ko an yafe ma ba tashi zai yi ya kaɗe riga ya tafi gida ba, bulala 100 ce da ɗaurin shekara guda. Amma gilla, ko iyayen sun ce sun yafe duniya da lahira, hukuma ba ta da ikon karɓar yafiyar, saboda laifin ya wuce na gida ɗaya, ya zama ɓarna a bayan ƙasa.

Ku tuna Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar a Kano. Mai makarantarsu ne ya ɗauke ta a Disamba 2021, ta san shi, ta yarda da shi, ya nemi kuɗin fansa, ya ba ta guba. In ana neman ma'anar gilla ba sai an buɗe ƙamus ba.

Sai wani ɗalibi daga Zariya: "Malam ɗaurin rai da rai ba yana nufin rai a madadin rai ba ne? To ai shi ma ƙisasi ne ke nan."

A'a ɗana, ka haɗa abu biyu. Rai a madadin rai Bahaushe cewa yake "rai a bakin rai", kamar yadda za ka ce na karɓi akuyarsa a bakin kuɗina, shi ne abin da ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 45. Rai da rai kuwa tsawon lokaci yake nunawa, muddin da numfashi a ƙirjinsa yana ciki, sai gawarsa ta fito. Ba su haɗa hanya ba sam.

Yanzu ga wadda ta fi ɗaukar hankalina. Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya ce shi da abokinsa sun kusa ɓatawa, abokin ya kafe a kan "gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah", shi kuma ya ce "in da rai da rabo", mai laifi na iya tuba a gidan kaso. Wai wa ya fi gaskiya a wajen Bahaushe.

Malam, Bahaushe fa bai taɓa zama ya yanke wannan shari'ar ba. Karin magana kowa na da tasa a aljihu, mai son a kashe zai jawo "abin da mutum ya shuka shi zai girba", mai son a ɗaure zai jawo "ba a rama gayya da fushi", a kwana ana yi ba wanda zai kayar da wani. Amma tunda ka tambaye ni, taka ba ta zauna daidai ba. "In da rai da rabo" ana faɗa wa wanda ya yi asara ne, gobara ta cinye masa shago ko ya faɗi zaɓe, lallashi ne ga wanda ƙaddara ta faɗa wa, ba a yi ta don wanda ya raba wani da nasa ran ba. Je ka faɗa wa uwar mamaci haka ka ga irin kallon da za ta yi maka. In kana son hujja mai ƙarfi a ɓangarenka, ɗauki "shari'a saɓanin hankali", ko wadda ake cewa shari'a mace ce mai ciki ba a san abin da za ta haifa ba. Wannan kam magana ce, don shaidar zur na nan, ana tilasta wa mutum ya amsa laifi da duka, talaka ba shi da kuɗin lauya mai kyau, kuma wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri, wanda aka rataye kuwa aikin gama ya gama.

Shi ma abokin naka kada ya yi murna tukuna. Ka duba maganar tasa da kyau, "gani" aka ce. Sai an gani tsoron ke shiga. To a Najeriya me ake gani? Kotu ta yanke hukuncin rataya, a ɗaukaka ƙara shekara da shekaru, in an gama kuma sai gwamna ya sa hannu, su kuwa gwamnoni gudun takardar nan suke yi. A shari'ar Hanifa babbar kotun Kano ta yanke hukuncin kisa a Yuli 2022, gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, ya riga ya yi alkawarin zai sa hannu ba ɓata lokaci, har ya sauka a 2023 ba a kai ga zartarwa ba. Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Najeriya tun 2016, a Edo, alhali sama da mutum 3,000 na zaune suna jiran hauni. Ko a jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun daga Zamfara a 2000, wanda kowa ke tunawa shi ne Sani Yakubu Rodi, da kotun Katsina ta kama da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, aka rataye shi a Kaduna a Janairu 2002. Wato abin da muke da shi a aikace ɗaurin rai da rai ne da aka sa masa sunan kisa, iyalan mamaci ba su ga ƙisasi ba, ba su karɓi diyya ba, ba a ma tambaye su ko sun yafe ba. Ni a nawa ganin, inda gilla ta tabbata ƙarara ba ko ɗigon shakka, ina tare da Risala, a zartar. Inda kuwa shaida ke rawa, a ɗaure, kuma a kira shi ɗauri tun farko, a daina yi wa mutane rufa-rufa.

Ku a Nijar kuma dokar hukuncin kisa na nan a rubuce amma tun 1976 ba a zartar ba, Chadi ta soke a 2020, Ghana ma majalisarta ta cire shi daga manyan laifuka irin kisan kai a 2023.

Af, na ambaci hauni, na san matasa za su tambaya. Shi ne mai zartar da kisa a fadar sarakunan zamanin da, kuma kalmar na nufin hagu, kamar a "dama da hauni". Gidan yari shi ma daga sarauta ne, Yari ne shugaban masu tsaron kurkukun sarki. Kaso ɗinku na Maraɗi daga Faransanci ya shigo, fursuna daga Turanci, "gidan gyaran hali" kuwa jariri ne a cikinsu, dokar 2019 ce ta kawo shi, kuma har yanzu a unguwa in an tafi da mutum gidan yari ake cewa.