Amsa ga mai tambayar inda zai kai iyali ganin magangarar ruwa da kwanan tanti a jihar New York

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana Bronx, kana so ka fita da maiɗakinka da yara uku da Hajiya mahaifiyarka da ta zo ziyara daga gida, ku ga magangarar ruwa, ku kwana biyu a tanti, kuma kowa Niagara yake ce maka. To, Niagara a je a gani ne a ɗauki hoto a juyo. Gari ne sosai, ga otal-otal ga cunkoso, kuma ba a kafa tanti a cikin gandun nata. Abin da ka zayyana, Letchworth kake nema. Ni a wajen Rochester nake zaune, tafiyar kamar awa ɗaya ce tsakanina da wurin, kuma shekara da shekaru can muke kai yara hutu.

Gandu ne na gwamnatin jiha, ya bi gefen kogin Genesee tsawon kusan mil 17. Kogin ya yanka dutse ya yi kwazazzabo mai zurfin da a wasu wurare ya haura ƙafa 500. Wani attajiri ɗan Buffalo, William Pryor Letchworth, shi ya ba jihar filinsa eka dubu a 1906, daga baya aka yi ta ƙara ƙasa har ya kai girman da yake yanzu. Gidan da ya zauna, Glen Iris, yana nan, an mai da shi masauki da wurin cin abinci.

Manyan magangarun uku ne, duk a ɓangaren kudu. Ta sama tana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, gadar sabuwa ce da aka buɗe a ƙarshen 2017 a madadin tsohuwar ta ƙarfe da ke wurin tun 1875. In kun yi sa'a jirgin kaya ya zo wucewa kuna tsaye, yaranka sun sami labarin da za su kai makaranta. Ta tsakiya ita ce babba, ƙafa 107, kuma ita ce ta Hajiya, domin daga inda za ka ajiye mota zuwa bakin katangar kallo 'yar tafiya ce kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Feshin ruwan yana iso mutum har inda yake tsaye, gilashin ido ya yi raɓa, mayafi ya yi danshi, in rana ta fito da kyau bakan gizo ya bayyana a cikin tururin. Ƙarar kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ta ƙasa tana da matakala sama da ɗari na dutse, sau da yawa a jiƙe. Kada ka bari Hajiya ta ce za ta iya. Iyayenmu ba sa son a ce sun gaza, saukar ba wuya, hawowar ce aiki. Ku bar ta a inuwa da flas ɗin shayi da ɗaya daga cikin jikokin.

Yanzu maganar kwana, wadda ita ce ta fi muhimmanci a tambayarka. Ba a zuwa haka kawai a kafa tanti inda aka ga dama. Akwai sansani na musamman, Highbanks, kusa da ƙofar Perry, an yanka shi fili-fili, kowane da lambarsa, da teburi, da wurin hura wuta, da soket na lantarki, ga banɗakuna da wurin wanka na kowa da kowa. Ta intanet ake kama wuri, ta ReserveAmerica, kuma ana buɗe rajista tun watanni tara kafin ranar. Mutanen nan ba sa wasa da wannan. Ƙarshen mako na Yuli da Agusta tun ana cikin sanyi ake cinye su. In ka ga babu gurbi, nemi Litinin zuwa Alhamis, ya fi sauƙin samu kuma ya fi natsuwa. Mutum shida ake yarda a fili ɗaya, ku kuma shida ne cif, don haka kada ka gayyato abokinka da iyalinsa ka ce za ku matsa. Ya kama nasa.

Amma shawarata, tunda da tsohuwa za ka, duba ɗakunan katako da suke bayarwa haya. Daren wurin yana da sanyi ko a Yuli, ƙasa kuma tana tsotse ɗumin jiki. Kai da yara za ku ɗauke shi wasa, ita kuwa ciwon baya da gwiwa za ta tashi da shi. Ɗakunan ba otal ba ne, da zanin gadonka da bargonka da tukwanenka za ka zo, kuma wasunsu a tsakiyar lokacin hutu sai na mako guda suke bayarwa, sai ka karanta sharaɗin kafin ka biya. Ka kuma sani cewa daga Highbanks zuwa magangarun sai da mota, ba wurin da za a taka da ƙafa ba ne.

Lokaci: ruwa ya fi ƙarfi a Afrilu da Mayu, bayan ƙanƙara ta narke. Wanda ya san magangarar Gurara ta Najeriya a watan Agusta ya kuma san ta a Maris zai gane abin da nake nufi, sai dai a nan ƙarshen Agusta ne ruwan yake ja baya in an yi fari. Oktoba kuma ganyaye ke rikiɗa su koma ja da rawaya, kyau ba a magana, amma mota sai ta yi layi a ƙofa, sanyin dare kuma ya fi ƙarfin baƙo. Da yaran makaranta, ƙarshen Yuni ya fi.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne kogin. An hana shiga, kuma ba don ƙa'ida kawai ba. A Yunin 2016 ruwa ya tafi da yara biyu, wa da ƙane, a saman magangara ta ƙasa, duka suka rasu. Daga sama ruwan yakan yi kamar bai kai gwiwa ba, dutsen ƙarƙashinsa kuwa santsi ne zalla. Haka katangun dutsen da ke bakin kwazazzabo, a wurare da yawa ba su wuce ƙugu ba, yaro mai ƙiriniya zai haye cikin ƙiftawar ido. Ƙaramin naka ya kasance hannunsa na cikin na wani babba. In suna son iyo, akwai wurin ninƙaya da masu tsaro a ɓangaren arewa.

Nama ka sayo na halal tun daga Bronx, ka jera a kula da ƙanƙara, kada ka sa ran samu a ƙananan garuruwan da ke kewaye. Itacen wuta kuwa kada ka ɗauko daga gida. Dokar jihar ta hana kai ɗanyen itacen da ba a gasa ba fiye da mil 50 daga inda aka sare shi, saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. Ana sayarwa a nan kusa. Da dare duk abin ci ya koma cikin mota a rufe. Akwai wata dabba, rakun, mai baƙi zagaye da ido kamar ta zizara kwalli, da hannu take buɗe murfin kula ta kwashe burodi tana kallonka. Kowace yamma kuma a duba jikin yara, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, saboda kaska. Ta nan ƙanana ce ƙwarai kuma tana ɗauke da cutar Lyme. Dogon wando da safa sun fi gajeren wando a cikin ciyawa.

Salla ba matsala, ba mai tanka maka. Ka zo da buta biyu da dadduma. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ka daidaita ta tun kana da sabis, domin a cikin kwazazzabon waya takan ɗauke. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan tara, asuba kuma kafin ƙarfe huɗu ta yi. Daga goma na dare ake hana hayaniya a sansanin, kuma mu da muryarmu ka san hali, hira ta yi daɗi sai a manta. Maƙwabcin da tanti kawai ya raba ku yana jin komai.

Daga Bronx ka lissafa awa shida da tsayawa shan mai da salla. Ku taso da sassafe don ku kafa tanti da sauran haske. Ranar dawowa in Hajiya ta matsa sai ta ga Niagara, kamar awa ɗaya da rabi ne daga gandun, amma zai ƙara muku nisan komawa, sai ka sa wannan a lissafi.