Ruwa-ruwa Kafin Tiyatar Rage Ƙiba

Tambaya: Likita, za a yi mini tiyatar rage ƙiba, an ce in yi sati 2 ina shan ruwa-ruwa kawai. Fura da kunu sun shiga ciki? Daga wata baiwar Allah, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Hajiya, ba su shiga ba. Manufar ita ce hanta ta sace, don sai an ɗaga ta kafin a kai ga tumbi. Gero da sukari kuwa ƙara cika ta suke yi. Ki riƙe nono marar maiƙo ba sukari, da romon kaza ko kifi da aka tace aka kwashe mai, da ruwa lita 2 kullum. Kwana 3 na farko akwai ciwon kai da kasala, suna wucewa. In kina shan maganin ciwon sukari, likitanki ya daidaita shi tukuna, kada sukarinki ya faɗi.