Tambaya da Amsa: Wai sai gwanin kwamfuta ne ke rubutu a Wikipedia?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina sha'awar fara rubutu a Wikipedia amma da na buɗe wajen gyara sai na ga wasu alamomi birjik ban gane komai ba, kuma an ce ko ka rubuta gogewa ake yi. Wai sai wanda ya ƙware a kwamfuta ne? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Alamomin nan kar su tsorata ki, tun 2013 aka fito da VisualEditor, kina rubutu ne kawai kamar kina taipin a Word, ki duba alamar fensir a sama ki canza zuwa can.

Maganar gogewa kam akwai ta, kuma ni a ganina ita ce babbar katangar, ba na'ura ba. Wikipedia ta fara a 2001, a ta Turanci masu gyara sun yi ta ƙaruwa har 2007 daga nan suka fara raguwa, kuma masu bincike sun gano cewa tsauraran dokoki da manhajojin da aka sa su kori masu ɓarna sun haɗa har da sabon shiga mai kyakkyawar niyya, mutum ya ɓata dare yana rubutu da safe ya tarar an share an bar mishi wani dogon gargaɗi, to wa zai dawo? Shi ya sa a 2012 a ta Turanci aka buɗe Teahouse, zauren da sabo zai yi tambaya ba a gwale shi ba, yanzu ma Wikipedia na harsuna da yawa suna haɗa sabo da wani tsohon hannu mai yi masa jagora.

Ke dai kar ki fara da sabuwar maƙala. A ta Turanci ma sai akawun ɗinki ya kwana 4 kin yi gyara 10 kafin a bar ki ki wallafa kai tsaye. Ki fara da gyaran kuskuren rubutu, ki ƙara jimla ɗaya tare da madogara daga jarida ko littafi, Facebook da "na ji an ce" ba sa shiga. Ki yi gwaji a sandbox ɗinki, wato shafinki na gwajin rubutu, can ba mai damunki. Kuma akwai ta Hausa, wadda ke matuƙar buƙatar hannu.

Ku kuma tsofaffin editoci, dan girman Allah kafin ku danna gogewa ku rubuta wa mutum layi biyu a shafinsa na tattaunawa, ku faɗa mishi abin da zai gyara da inda zai samo madogarar.